Kafin ka ce wa Alhaji a sayi babbar sabar, buɗe baƙin allon nan tukuna

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, abin ne ya daɗe yana ci mini rai, kuma da ƙannenmu nake masu koyon harkar kwamfuta a nan Legas, na Agege da na Idi Araba da masu sammakon zuwa Yaba da Computer Village neman na kansu. Na lura yaranmu sun iya ɗora manhaja a kan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da manhaja masu amfani na shiga ta intanet, sun iya haɗa shafi ya fito tsaf gwanin sha'awa, amma ranar da abu ya fara jan ƙafa sai ka ga mutum ya yi tsuru-tsuru, abu biyu kawai ya sani, ko ya kashe ya kunna, ko ya je ya ce wa mai dukiya sabar ta yi kaɗan a ƙara kuɗi a sayi babba. Ba ya tambayar na'urar me ke damunta, alhali kuwa tana faɗa, kuma kayan da ake sauraronta da su a baƙin allon da ake buga umarni da rubutu kyauta ne, wasu ma suna ciki tun ranar da aka ɗora Linux ɗin.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni. Akwai wani Alhaji da nake kula masa da manhajar lissafin kaya, yana harkar albasa da hatsi a Mile 12, yana da sito a Agege, yaransa na Kano su ma suna shigar da abin da suka loda a mota. Ba ni na haɗa masa abin tun farko ba, gada na yi daga wasu da suka yi aikin suka tafi. Wata ranar Alhamis da yamma ina cikin danfo, gosulo ya riƙe mu a wajen Ojota ko motsi ba ma yi, sai ga kiransa. Ya ce, Malam abin nan fa ya tsaya, yara sun fi minti goma suna jiran rasit ɗaya ya fito, ga direbobi a tsaye, kuma dama waɗancan mutanen sun taɓa gaya mini sabar ta yi ƙarama, in kuɗi ne a biya kawai. Na ce ranka ya daɗe a ba ni minti goma kafin a taɓa aljihu.

Laftof ɗina na cikin jaka amma ba wurin buɗe shi, mu huɗu ne a kujera ɗaya, don haka wayata na ciro na buɗe Termux, manhajar da ke ba ka baƙin allo a waya, na shiga sabar ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa da rubutu zalla. Abu na farko da na buga shi ne uptime. Zai ba ka lambobi uku a ƙarshen layi, nauyin da ke kan na'urar a minti 1 da minti 5 da minti 15 da suka wuce. Na ga tara da ɗoriya, ita kuwa sabar ƙwayar furosesa biyu gare ta, in ba ka san naka ba ka buga nproc zai faɗa maka. Ka ɗauka teburin mai shayi ne da mutum biyu ke haɗawa, mutum tara kuma na tsaye, ka ga biyu ake sallama bakwai na jira. To a nan ne da yawa ke yanke hukunci su ce furosesa ta gaza, kuma a nan ne kuskuren yake, domin a Linux wannan lissafin yana haɗawa har da ayyukan da suka maƙale suna jiran diski, ba masu jiran furosesa kaɗai ba.

Na buɗe top, wanda ke jera ayyukan da ke gudu a na'ura, na kalli layin sama, furosesa kusan zaune take ba ta aikin komai, amma lambar da ke kusa da haruffan wa, wato lokacin da take ɓatawa tana jiran diski, ta haura sittin. Sai na buga iotop -o, wanda ke nuna maka ayyukan da ke karatu da rubutu a diski a daidai wannan lokacin kaɗai, sai ga su reras, aikin kwafin ajiya na rumbun bayanai har guda biyar suna gudu tare. Ashe an saita shi ne ya tashi duk awa, to da bayanai suka yi yawa sai ya zama na farko bai gama ba na biyu ya taso, na uku ya hau kansu, kowa na jan diski ɗaya. Na duba df -h na ga diskin ya kai kashi 97, na shiga ncdu ya jera mini manyan folda daga babba zuwa ƙarami, sai ga tsofaffin kwafi na wata da watanni jibge ba wanda ya taɓa sharewa. Na tsayar da huɗu na bar ɗaya ya ƙarasa, kafin mu kai Ketu Alhaji ya sake kira ya ce rasit na fita. Da dare na zauna na mayar da aikin sau ɗaya bayan sha biyu, na sa masa flock don kada wani ya tashi alhali wani bai gama ba, na kwashe tsofaffin kwafin zuwa wani wuri. Ko sisi ba a ƙara ba, kuma wallahi da an sayi babbar sabar ɗin matsalar za ta dawo bayan 'yan watanni, sai dai a lokacin kuɗin wata ya ninka.

Kuma ku tuna da dala ake biyan yawancin sabar nan da muke haya a Turai da Amurka. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba ka amanar kasuwancinsa, kai kuma ka ce ya ninka abin da yake biya duk wata don kawai ba ka duba ba, gaskiya ni a wurina wannan ya shiga hakki, ko da ba da gangan ka yi ba.

Kayan nan fa ba sababbi ba ne. Shi top tun 1984 William LeFebvre ya rubuta na farkonsa don Unix, kafin ma a haifi Linux a 1991. Shi kuma htop, ƙanen top da kowa ke so saboda kalolinsa, wani ɗan Brazil ne mai suna Hisham Muhammad ya fara shi a 2004, kuma da ya ja baya wasu masu sa kai suka karɓa suka fitar da na 3.0 a 2020, har yau ana gyara shi. Wannan shi ne abin da ke burge ni da buɗaɗɗiyar manhaja, mutum ɗaya ya ga abu bai yi masa ba ya zauna ya gyara ya saki ga duniya, yau ga ni a cikin danfo a titin Ikorodu ina cin moriyarsa ba tare da na nemi lasisi wurin kowa ba. A htop ka danna F5 ka ga wane aiki ne ya haifi wane, F6 ka zaɓi yadda za a jera su, F4 ka tace da suna, babban P ya jera da cin furosesa, babban M da cin memori. Wannan kaɗai in ka riƙe ya fitar da kai kunya sau da yawa.

Sai dai ina da magana a kan masu kyau ɗin. Akwai btop, wanda ya fara a matsayin bashtop, ya koma bpytop, sannan aka sake rubuta shi da C++ a 2021, gaskiya yana da kyau, zane na hawa da sauka kamar allon jirgi, ni ma ina amfani da shi. Akwai glances da Nicolas Hennion na Faransa ya rubuta da Python, yana tara maka furosesa da memori da diski da netwok a fuska ɗaya. Ban hana kowa ba. Abin da nake gani dai shi ne yara na ɗora su don ɗaukar hoto a sa a status, amma ba su san me lambobin ke cewa ba. Wani ƙanena da ke koyon aiki a wurina ya taɓa kirana hankali a tashe, ya ce Yaya memori ya cika saura kaɗan sabar ta faɗi. Na ce buga free -h ka karanta mini. Ya karanta, wurin free saura kaɗan ƙwarai, amma wurin available akwai fiye da rabi. Na ce to zauna ka sha ruwa, Linux ba ya barin memori zaune a banza, yana ajiye abin da ya karanto daga diski a ciki don gaba, da zarar wata manhaja ta buƙata zai sakar mata, available ɗin nan shi za ka riƙa kallo. In kana son ka san ko da gaske memori ya ƙare, ka buga vmstat 1 ka zuba ido a kan lambobin da ke ƙarƙashin haruffan si da so, in suna ta motsi ba tsayawa to na'urar na kwashe kaya daga memori zuwa diski tana dawowa da su, nan ne ake jin jiki. Sannan ka leƙa dmesg, in ka ga an rubuta Out of memory an kashe wani aiki, to ka san Linux da kansa ya yanka wani don sauran su rayu.

Akwai kuma wata lamba a top da ban cika jin ana maganarta ba, st. In sabar haya ce da kuke raba injin ɗaya da wasu, wannan lambar na nuna lokacin da naka ya so aiki amma aka ba wani. In ta yi sama kullum to laifin ba na manhajarka ba ne, maƙwabci ne ke danne ka, sai ka yi magana da masu hayar ko ka tashi.

Wani zai ce ai yanzu zamanin dashbod ne, ga Grafana ga Prometheus ga Netdata, me zai sa in wahalar da kaina da baƙin allo. Su ma buɗaɗɗu ne kuma suna da amfani sosai, in sabar ta wuce biyu uku dole ka nemi irinsu, ba na musu. Amma ku tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, Legas ta wuni tana fama, bankuna ma sun ji a jikinsu. Ranar ni dai shafin zane-zanen nan ƙin buɗewa ya yi a burauza, yana ta juyawa, amma ssh ya shiga, a hankali dai amma ya shiga, don rubutu ne zalla ba ya cin data. Mu da sabis ke ɗaukewa in an shiga wani lungu a Agege ko in hadari ya taso, dole mu iya aiki da abin da ke tafiya a kan sanda ɗaya ta netwok. Shi ya sa nake cewa kowa ya koyi tmux, ka buɗe aikinka a ciki, in layi ya yanke ka dawo ka buga tmux attach ka tarar da komai yadda ka bar shi. In ka haɗa da mosh ma, wato madadin ssh mai jure yankewar layi, ko ka sauya daga wayfai zuwa datar waya ba zai yar da kai ba.

Inda kayan nan suke da rauni kuwa dole in faɗa, yawancinsu abin da ke faruwa yanzu kawai suke nunawa. Alhaji zai ce maka jiya da asuba abin ya tsaya, kai kuma ka buɗe htop da hantsi ka ga komai lafiya lau, to me za ka ce masa? Maganin wannan atop ne, in ka ɗora shi yana ɗaukar hoton halin da na'ura ke ciki duk minti goma yana ajiyewa, sai ka buɗe na jiya da atop -r kana danna t kana matsawa gaba har ka iso asubar ka ga wanda ya yi ɓarnar. Haka sar da ke cikin kunshin sysstat shi ma yana ajiye tarihi, amma a Linux irin Debian da Ubuntu ka tabbatar ka kunna tattarawar, kar sai ranar buƙata ka tarar ba a ajiye komai ba. Na data kuma vnstat na riƙe maka lissafin kwana da wata, iftop na nuna da wa sabar ke magana yanzu, nethogs na nuna wace manhaja ce ke shan layin.

Don Allah ku yi hattara da F9 a htop, maɓallin kashe aiki. Ganin abu a saman jeri ba ya nufin shi ne mai laifi, sau da yawa rumbun bayanai ne ke can sama don shi ke ɗauke da kowa. In za ka tsayar da aiki fara da sigina 15, wato ka ce masa ya tattara ya rufe da kansa, kar ka yi tsalle zuwa 9 da ke fille kai nan take, musamman a kan rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL da ke tsakiyar rubutu. Sannan masu kunna glances -w don su kalla a burauza, ku sani yana buɗe ƙofa ta 61208, in ba ka sa kalmar sirri ko ka toshe da fayawol ba duk wanda ya laluɓo adireshin zai ga cikin gidanka.

Injiniyoyin Netflix, cikinsu har da Brendan Gregg, sun taɓa fitar da bayani a 2015 kan abin da suke bugawa a minti ɗaya na farko in sabar ta rikice, umarni goma ne, sun fara da uptime sun ƙare da top, a tsakiya akwai su vmstat da iostat da free da sar. Kamfanin da ke da kuɗin sayen duk abin da ya ga dama ke nan, kuma ba ɗaya a cikin goman da kai ba za ka iya ɗorawa yau a tsohon laftof ɗin da ka sayo a titin Otigba na Computer Village ba.

Don haka ga abin da na yanke. Ranar Lahadi bayan la'asar zan zauna a inda muka saba haɗuwa a Agege, zan zo da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, zan lalata ta da gangan, wani lokaci in cika diski, wani lokaci in sa stress-ng ya danne furosesa ko ya cinye memori, ba zan faɗa muku wanne na yi ba, kowa zai shiga ta wayarsa ya gano da kansa ya faɗa mini da wace lamba ya gane. Wanda ba shi da laftof ya ɗora Termux kafin ya zo, ya zo da caja, lantarki dai sai abin da muka gani amma akwai janareto a shagon kusa.