Hiraƙla ya gane gaskiya, amma kujera ta riƙe shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i na sake bin hadisin Abu Sufyan da Hiraƙla a farkon Sahihul Bukhari, wallahi har yanzu abin bai bar raina ba.

Kun san Hiraƙla ba ƙaramin mutum bane fa. Sarkin Rumawa ne tun daga 610, ya hau mulki daular tana tangal-tangal, Farisa suka ƙwace Ƙudus a 614 suka wuce har Masar, mushrikan Makka suna ta murna, sai Allah Ya saukar da farkon Suratur Rum cewa an rinjayi Rumawa amma za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru. Haka kuwa akayi, a 627 ya karya rundunar Farisa a Ninawa, kusa da Mosul ta yau. To a wannan ganiyar tasa ne wasiƙar Manzon Allah (SAW) ta iso masa ta hannun Dihyatul Kalbi.

Sai yasa aka nemo masa fataken Ƙuraishawa da suke Sham, lokacin sulhun Hudaibiyya ne, Abu Sufyan bai musulunta ba tukuna. Hiraƙla ya zaunar da Abu Sufyan a gaba, abokan tafiyarsa a baya, yace in yayi ƙarya ku ƙaryata shi. Ya dinga jero tambayoyi akan Manzon Allah (SAW), yaya nasabarsa take a cikinku, manya ke binsa ko talakawa, suna ƙaruwa ko raguwa, akwai mai fita daga addinin don ƙinsa, kun taɓa kama shi da ƙarya, yana yaudara? Da ya gama jin amsa sai yace in abin da ka faɗa gaskiya ne to zai mallaki inda ƙafafuna biyun nan suke, kuma da ina wajensa da na wanke masa ƙafafu. Sarkin Rum guda fa!

Nan ne wajen da yake bani tsoro. A birnin Hims na ƙasar Sham ya tara manyan Rumawa a fadarsa, yasa aka kulle ƙofofi, yace musu ko kuna son rabauta da shiriya mulkinku ya tabbata, ku yi mubaya'a ga wannan Annabi? Suka zabura zuwa ƙofa kamar jakunan jeji, suka tarar a rufe. Da yaga yadda suka yi sai yace ku dawo, ai dama gwada ku nake inga riƙonku da addininku. Suka faɗi suka yi masa sujjada, magana ta mutu a nan.

Dan Allah mu daina kallonsa daga nesa kamar mun fishi. Sau nawa ka san abu haramun ne a wajen aiki, ka buɗe baki za ka yi magana, kaga fuskar oga ta canza sai kace "a'a ranka ya daɗe wasa nake"? Ke 'yar uwa sau nawa kika so hana gulma a group ɗin ƙawaye, kika rubuta kika goge don kar ace kin cika wa'azi? Ni kaina nayi, akwai ranar da aka ci naman wani a gabana na biye musu da dariya don kar majalisa ta watse. Shi dai daula yake tsoron rasawa, mu kuwa wani lokacin like da comment ne kawai.

Kuma Sham ɗin da yake tattali ai bata zauna masa ba. A 636 aka yi yaƙin Yarmuk, su Khalid bin Walid da Abu Ubaida suka tarwatsa rundunarsa, ya tattara ya bar ƙasar, Hims ɗin da ya kulle ƙofa a cikinta ta koma hannun musulmi, ya mutu a Ƙusɗanɗiniyya a 641.