Sabon Shiga Ne Ya Fi Dacewa da Gyara Bayanan Manhaja

A shekarar 2017, kamfanin GitHub, mai dandalin ajiye lambobin manhajoji a intanet, ya ji ra'ayin masu hulɗa da buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da damar duba cikinsu ya yi gyara. Kashi 93 cikin 100 sun koka da bayanan amfani da ba su cika ba ko suka tsufa, amma kashi 60 na masu ba da gudummawa sun ce ba kasafai suke sa hannu a gyaransu ba, wasu ma ba su taɓa ba. Ga shara kowa na gani, babu mai ɗaukar tsintsiya.

A ganina, wanda ya fi dacewa da aikin nan shi ne wanda ya zo jiya. Mai manhaja ya daɗe da girka duk abin da take buƙata a kwamfutarsa, shi ya sa ba ya lura da matakin da ya tsallake a rubutu. Sabon shiga kuwa a daidai wurin zai yi tuntuɓe. Kuma wannan idon ba ya daɗewa: da zarar ka saba, kai ma ka daina gani.

Saboda haka a fara da gwaji, kafin rubutu. Ka bi umarnin fayil ɗin README, wato bayanin farko kan yadda ake girka manhajar da amfani da ita, layi bayan layi a tsaftataccen muhalli, wato keɓaɓɓen wuri a kwamfuta da ba a riga an girka abubuwan da manhajar ke buƙata ba, kamar sabon akwatin Docker ko wanda `python -m venv` ke samarwa. Inda abu ya ƙi, ka kwafe umarnin da ka buga, da saƙon kuskuren harafi da harafi, da lambar sigar manhajar, da tsarin kwamfutarka. Sau da yawa tsufa ne matsalar. Misalin da aka rubuta da salon `print` na Python 2, tsohuwar sigar harshen rubuta manhaja na Python, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, ba zai yi aiki a Python 3 ba.

Daga nan ka karanta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin kawo gyara, ka duba ko wani ya riga ka kai ƙorafin. Ka kwafi ma'ajiyar, wato inda fayilolin manhajar suke, zuwa asusunka, ka buɗe reshe na daban, wato layin aiki da za ka yi gyara a kai ba tare da taɓa asalin ba. Nan ne mutane da dama ke yin aikin banza: su gyara shafin HTML, alhali na'ura ce ke fitar da shi daga fayilolin rubutu na salon Markdown ko reStructuredText, ko daga bayanin da ke cikin lambobin kansu. A tushe ake gyara. Idan da manhajar Sphinx ake gina bayanan, ka buga `make html` ka duba sakamakon da idonka, domin a reStructuredText tazarar farkon layi kaɗai tana iya wargaza jeri. Wasu ayyukan kuma ba sa karɓar gyara sai da layin sa hannu, wanda `git commit -s` ke ƙarawa.

Gyara ɗaya, buƙatar karɓar gyara ɗaya. Mafi yawan masu dubawa 'yan sa-kai ne. Layi goma za a karanta da wuri, shafi ashirin kuwa sai ya yi ta jira. Amma ƙanƙanta ba izinin wasa ba ce. A Hacktoberfest na Oktoban 2020, wani shiri da ya ba da riga ga masu aika gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, masu neman rigar kyauta sun cika ma'ajiyoyi da gyare-gyare marasa amfani, har aka sauya dokokin shiga.

Masu riƙe da ayyukan ma akwai nasu nauyin. Wanda ya kawo gyaran sakin layi ɗaya aka bar shi wata da watanni babu amsa, da wuya ya kawo na biyu.