Tabon Goron Alhaji Sau Ɗari Huɗu

(Wani ɗan ƙaramin ofis a saman bene, kusa da Kantin Kwari a Kano, hunturu ya fara leƙowa. Alhaji ya saro yadin ulu, yana son hoton talla na kwat ɗin da za a ɗinka da shi tun kafin almakashi ya taɓa yadin. Ɗan Boko yana gaban kwamfuta, Tela yana tsaye da tef a wuya, Bafulatani kuma ya rako Alhaji ya samu wuri ya zauna da sandarsa.)

ALHAJI: Yaro, ƙyallen da na ba ka bai wuce tafin hannu ba, kai kuma ka ce da shi za ka nuna wa duniya kwat guda har da wando, to ina so ka gaya mini inda za ka samo sauran yadin, domin ni ban ba da izinin a kwance mini bandir ba.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, ba za a kwance komai ba. Na ɗauki hoton ƙyallen, santimita 10 a tsaye da 10 a kwance, na sa shi a cikin manhajar Blender, ita kuma za ta jera shi gefe da gefe kamar yadda ake jera tayil a tsakar ɗaki. Idan aka jera 20 a tsaye da 20 a kwance, an samu yadi mai mita 2 ta kowane gefe ke nan.

ALHAJI: Ita wannan manhaja mai haihuwar yadi, nawa ake sayar da ita?

ƊAN BOKO: Kyauta ce, kuma ta zama ta kowa tun shekarar 2002, lokacin da wanda ya ƙirƙiro ta, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal, ya tara Yuro dubu 100 daga hannun jama'a, ya fanso ta, ya sake ta ga kowa.

ALHAJI: Allah sarki, da ganin wannan bawan Allah bai taɓa zaman rumfa a Kwari ba. Amma tunda kyauta ce, sai ka yi mini bayanin kuɗin da ka rubuta mini a takarda.

ƊAN BOKO: Bari dai ka ga aikin tukuna, Alhaji.

(Ya danna. Kwat ya bayyana, layuka sun ratsa shi tsaye da kwance.)

TELA: Inna lillahi! Wannan ai kwat ɗin faci ne, kuma na rantse da wanda ya busa mini numfashi, ko yaron da ya shigo shagona jiya ba zai yi faci ɗari huɗu a riga ɗaya ya bar bakin kowanne a waje ba.

ƊAN BOKO: Na san abin da ya jawo, Malam Tela. A bakin taga na ɗauki hoton, hasken ya fi bugun gefen hagu, saboda haka duk inda gefen dama mai duhu ya haɗu da gefen hagu mai haske sai layi ya fito. Ban da haka, zaren da ya ƙare a bakin hoto ɗaya bai tarar da ɗan'uwansa a bakin na gaba ba. Maganinsa shi ne a daidaita hasken, sannan a shiga manhajar gyaran hoto ta Photoshop a tura hoton da rabin girmansa, bakuna huɗun su dawo tsakiya su yi gicciye, a bi su a shafe a hankali har mahaɗar ta ɓace.

TELA: Kafin ka shafe komai, ka dubi saƙar da kyau. Wannan saƙar ƙashin kifi ce, layi ɗaya ya karkata dama, na kusa da shi ya karkata hagu, kai kuma ka yanke hotonka a tsakiyar layi. Ka ƙirga zare, ka yanke daidai inda zanen ya cika ya koma farko, shi ke nan baki zai kama baki ba tare da shafe-shafe ba. Wannan shi ne abin da maigidana ya koya mini da mari lokacin da nake haɗa kafaɗar riga mai ratsi.

ƊAN BOKO: Gaskiyarka ce, kuma haka masana suke cewa a yi.

TELA: Masanan ma a wurin teloli suka ji.

(Ɗan Boko ya gyara. Layukan sun ɓace, amma wani ɗigo ja ya bayyana, a jere, daga wuya har ƙafar wando.)

BAFULATANI: Aradu rigar nan ta kamu da ciwo, kuma idan a garkena na ga haka, ba na kwana sai na ware ta.

ALHAJI: Wane irin ɗige-ɗige ne wannan? Yadina fes yake, ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, tabon goro ne. Jiya da kake yi mini ciniki kana taunar goro, ɗan feshi ɗaya ya sauka a kan ƙyallen. A ido ba ya ko ganuwa, amma manhajar ba ta san tabo ba, abin da ke cikin hoto ɗaya shi take maimaitawa, shi ya sa ya fito sau 400. Duk abin da ya fita daban a cikin irin wannan hoto, ko gashi ne ko ƙullin zare, ido zai kama shi a jere, don haka ake cire shi tun farko.

ALHAJI: Goro ɗaya na saya, kuma rabi na ci.

ƊAN BOKO: Zan goge shi yanzu, amma bari in fara ɗora sauran hotunan, domin launi kaɗai ba ya sa yadi ya yi kama da yadi.

(Wani hoto shuɗi mai sirkin shunayya ya cika allon.)

ALHAJI: Tsaya! Wa ya kai mini yadi marinar Ƙofar Mata ban sani ba?

ƊAN BOKO: Ba rini ba ne, Alhaji, kuma mai saye ba zai taɓa ganin wannan launi ba. Shi wannan hoton yana gaya wa manhajar inda kowane zare ya yi tudu da inda ya yi kwari, don haske ya faɗa masa yadda ya dace. Akwai kuma wani mai ruwan toka da ke nuna kaushi, wanda ake ɗagawa sosai ga ulu, tunda ulu ba ya walƙiya irin ta shadda. Daga nan sai a ƙara ɗan sheƙin da ƙananan gashin yadin ke yi a gefen kafaɗa idan haske ya biyo ta baya.

BAFULATANI: To ni dai tun ɗazu ina jin ana ulu, ulu, ban ga tunkiya ko ɗaya a ɗakin nan ba. Yaro, gashin wace tunkiya ce a cikin akwatin naka?

ƊAN BOKO: Baffa, a jikin takardar bandir an rubuta Merino, tunkiyar da asalinta daga Sifen ne, amma yanzu Ostareliya ce ta fi kowa kiwonta, kuma silin gashinta ya fi gashin kan mutum siriri nesa ba kusa ba.

BAFULATANI: Na san ba tamu ba ce. Uda da Balami da 'Yankasa gashi ne da su gajere, ko ka aske garke guda ba ka samun abin saƙa hula. Masu ulu suna can Masina a ƙasar Mali, wurin danginmu, inda ake saƙa bargon da sanyi ke gani ya juya. Amma su sai sun yi kiwo, sun yi aski, sun yi kaɗi, kai kuwa ka zauna a kujera kana dannawa tunkiya tana ninkuwa. Idan akwatin nan yana yi wa shanu haka, ka faɗi kuɗinsa yanzu.

TELA: Ku bar zancen shanu, ku dubi hannun rigar. Ƙashin kifin jiki yana gangarawa ƙasa, na hannun hagu kuma ya kwanta a gicciye, sannan zaren aljihu ya yi kaurin da za a iya ɗaure akuya da shi.

ƊAN BOKO: Manhajar tana buɗe rigar ne falle-falle ta shimfiɗa a kan hoton yadin, to fallen hannun ya juya, na aljihun kuma ya tsuke, shi ya sa zaren ya kumbura a kansa. Zan juya wancan da digiri 90, in daidaita girman wannan da sauran.

TELA: Wato dai yanka kake yi ba ka san tsayin yadi da faɗinsa ba. Da a shagona ne, yau ba ka cin abincin rana.

(Ɗan Boko ya gyara, ya sa injin Cycles na cikin Blender ya fara fitar da hoton ƙarshe. Allon ya cika da tsaki-tsaki.)

ALHAJI: Ku rufe tagar nan, hazo ya shiga cikin kwamfutar!

ƊAN BOKO: Lissafin haske take yi, Alhaji, tana ƙara zagaye hoton yana washewa. Ka ba ta minti kaɗan.

(Hoton ya washe. Kwat ya fito tsaf, amma Ɗan Boko ya manta bai goge tabon ba. Alhaji ya matso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.)

ƊAN BOKO: Ka yi haƙuri, yanzu zan cire shi.

ALHAJI: Kada ka kuskura. Shekarata talatin a Kwari ban ga ulu mai wannan ɗigon ba, kuma abin da babu shi a rumfar kowa shi ne ake sa wa kuɗi. Ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa sabon yayi ne, bandir ɗaya ya rage a duk Kano.

TELA: Alhaji, idan mutum ya biya ya zo karɓar kwat, a kan yadin gaske wa zai yi ɗigo 400, kowanne santimita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa?

ALHAJI: Kai za ka riƙe tef kana aunawa, Baffa yana tauna yana fesawa.

BAFULATANI: Goron na wa?

ALHAJI: Ga rabin na jiya nan a aljihuna, a fara da shi.