Na nemi tayar kwalta, an haɗa ni da tsohuwar taya da baƙar magana

Ranar Asabar da ta wuce, a gaban wani shagon kayan babura a Kano, mutumin da kuɗina ke aljihunsa ya ci mini mutunci a gaban yaransa da maƙwabtansa, kuma laifina kawai shi ne na sunkuya na karanta lambobin da ke jikin tayar da yake so ya sayar mini. Har yanzu raina bai huce ba, domin abin da muka yi jayayya a kansa shi ne abin da raina ya rataya a kansa duk lokacin da na hau titi.

Babur ɗina Suzuki V-Strom 650 ne, irin manyan baburan da aka ƙera domin doguwar tafiya, waɗanda ke bin kwalta, su kuma iya sauka kan burji idan ta kama. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake zuwa Zariya da Katsina da Dutse. Duk mai irin wannan babur a ƙasar nan ya san abin da muke sha shekara da shekaru kafin mu sami ko da takalmin birki na gaske, balle taya.

Masu ƙera tayoyin waɗannan babura sun karkasa su ne gwargwadon hanyar da mutum ya fi bi. Akwai wadda aka yi wa lissafin kashi 90 kwalta, kashi 10 ƙasa, irin su Michelin Anakee Road da Pirelli Scorpion Trail da Metzeler Tourance Next. Akwai ta raba-daidai kamar Heidenau K60 Scout. Akwai kuma mai manyan haƙora irin Continental TKC 80, wadda aikinta yashi ne da taɓo. Mai haƙora tana da kwarjini a ido, kuma a daji babu kamarta, amma a kan kwalta robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, haƙoran suna lanƙwashewa idan an kama birki da ƙarfi ko an kwanta a kwana, tana kuka, tana girgiza hannu, kuma tsakiyarta tana cinyewa da wuri. Ita kuwa tayar kwalta, yawanci tsakiyarta roba ce mai tauri domin ta jure nisa, gefenta mai taushi domin ta riƙe titi a kwana, ga zanen da ke kore ruwa daga ƙarƙashinta lokacin damina. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan wannan ɗan wuri babur mai nauyin fiye da kilo 200 yake tsayawa da mahayinsa da kayansa. Tunda kusan duk tafiyata a kan kwalta take, tayar kwalta nake bukata, kuma ita na je nema.

Na rubuta masa komai a takarda domin kada a sami kuskure: ta gaba 110/80 R19, ta baya 150/70 R17, sababbi, marasa tif, na kwalta. Ya duba takardar ya ce, “An gama, Yallaɓai, daga Legas zan sa a ɗauko maka.” Ya karɓi fiye da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Daga nan aka shiga gobe da jibi, yau motar kaya ta lalace a hanya, gobe yaron da aka aika bai dawo ba, har ranar da ya kira ni ya ce kaya sun iso.

Da na isa, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya yi wa yaron shago nuni da baki, yaron ya gangaro da tayoyi biyu ya jingina su da ƙafata. Suna ta sheƙi, an shafe su da baƙin mai har suna ɗaukar ido. Kallo ɗaya na yi wa ta baya na ga masu haƙora ce.

Na ce, “Alhaji, ai ta kwalta muka yi da kai. Wannan ta daji ce.”

Ya ce, “Sha bakwai ka ce, sha bakwai ce. Ko ba za ta shiga ba?”

Na ce masa za ta shiga, amma shiga ba ita ce magana ba, domin tayar Boksa ma ta wili mai inci sha bakwai ce, kuma ba wanda zai ɗaura ta a wannan babur. Na sunkuya na nuna masa rubutun da ke gefenta. An rubuta 69Q. Lambar 69 tana nufin taya za ta ɗauki kilo 325, wannan daidai ne. Amma harafin Q yana nufin iyakar gudun da aka gwada ta a kai kilomita 160 ne a awa, alhali tayoyin kwalta na wannan girma yawanci H ne ko V, wato 210 ko 240. Ba wai ina gudun 200 ba ne, kuma ban taɓa sha'awar yi ba. Harafin yana nuna irin zafin da taya za ta iya jurewa, kuma wanda ya san yadda kwalta ke ɗaukar zafi tsakanin Kano da Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya san cewa wannan tazarar ba ta banza ba ce.

Sai ya ajiye wayar, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malam, taya ka zo saye ko karatu ka zo koya mana?”

Daga Yallaɓai na koma Malam a cikin minti ɗaya. Yaransa suka tuntsire da dariya, mai shagon kusa ya jawo benci ya matso. Na danne zuciyata na ci gaba da juya tayar, domin akwai abin da nake nema. Kowace taya tana ɗauke da mako da shekarar da aka ƙera ta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na goge man da ɗan yatsa na karanta, 3113. Mako na 31 na shekarar 2013. Taya ta haura shekara goma da ƙerawa, kuma kamfanoni irin Michelin da kansu suna cewa a riƙa kai taya a duba ta duk shekara idan ta kai shekara biyar, idan kuma ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa ta yi tauri ta daina riƙe titi. Na lanƙwasa gefenta, ƙananan tsagu suka buɗe a gindin haƙoran. Na leƙa ciki, ga faci. Na juya ga ta gaba, sai na tarar an kankare wurin lambobin huɗu da wani abu mai kaifi, an cike gurbin da baƙin mai.

Na ce, “Alhaji, wannan ta hannu ce, ga faci a ciki. Wannan kuma an goge shekararta. Sabuwa na biya.”

Ya ce, “Beljiyam ce, ta fi sabuwa ƙwari. Turawa ne suka hau ta.”

Na ce, “Turawan ai sun cire ta ne saboda ta gama aiki.”

Ya miƙe tsaye ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. Ya ce, “Kai Malam, shekara nawa ina sayar da taya ban taɓa ganin mai tsoron mutuwa irinka ba. Taya ce ke kashe mutum ko ajali? In ba ka da cikon kuɗi, ka fito fili ka ce ba ka da shi, ka daina fakewa da lamba.”

A gaban jama'a, mutumin da ya karɓi kuɗina a kan sabuwar tayar kwalta, ya kawo mini tsohuwar tayar daji mai faci, shi ne ya mayar da ni matsiyaci mai raunin imani. Na nemi ya mayar mini da kuɗina, ya ce kuɗi sun shiga kaya, sai in an sayar. Na ce masa ko da zan jira, to ya sa a kawo ta kwalta kamar yadda muka yi. Ya yi tsaki ya ce, “Wace kwalta? Ina ka ga kwalta a ƙasar nan? Ai duk titin daji ne.”

Abin da ya fi zaginsa ƙona mini rai shi ne wani dattijo da ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri ka ɗauka, Allah ne ke tsarewa.” Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma na girmama furfurarsa. Amma me ya sa kullum wanda aka cuta ake ba haƙuri? Cikin duk mutanen da suka taru, babu ko ɗaya da ya dubi mai shagon ya ce masa ya ji tsoron Allah. Mun mayar da ƙaddara mafakar masu ha'inci, alhali Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma shi ne ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wanda ya sa reza ya kankare shekarar taya ya san abin da yake ɓoyewa. Da bai san lambar tana da muhimmanci ba, da bai ɓata lokacinsa wajen goge ta ba.

Cikin duk abin da mutumin ya faɗa, magana ɗaya ce ke da ƙamshin gaskiya, ita ce ta rashin kwalta, kuma ita ce ta kai ni ga waɗanda suka fi shi laifi. A wasu ƙasashe mai irin wannan babur yana zama ya yi lissafin hanyar da yake bi, ya zaɓi tayar da ta dace. Mu a nan hanya ɗaya tana iya zama shimfiɗaɗɗiyar kwalta na kilomita ashirin, sai ramuka masu kaifin baki da ke lanƙwasa wili, sai wurin da aka karkatar da motoci kan tsakuwa aka manta da su. A ƙarshen 2017 aka ba da kwangilar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, aka shafe fiye da shekara bakwai ba a kammala ta ba, kuma wannan ita ce babbar jijiyar Arewa. Idan haka uwa take, ina ga hanyoyin jihohi? Mutum ya sa tayar kwalta, rami ya kumbura mata gefe; ya sa mai haƙora, ruwan sama ya zame da shi a kwana. Gwamnati ta bar mu muna zaɓe tsakanin hatsari biyu.

Sannan ta yaya tsohuwar taya ta 2013 ta iso Kano? Shigo da tayoyin da aka yi amfani da su yana cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta haramta, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sake yi wa fuska. Taya ba allura ba ce da za a ɓoye a aljihu. Ta shigo ta tashar jirgin ruwa ko ta kan iyaka, ta ratsa shingaye daga kudu har arewa, ta zo ta zauna a bakin titi da rana tsaka. Kowane shinge da ta wuce akwai mai kaki a tsaye, kuma ana biyansa albashi domin ya tare irinta. Hukumomin da aka ɗora wa alhakin duba ingancin kaya kan tara 'yan jarida su ƙona tarin tayoyi jefi-jefi, washegari kasuwa ta ci gaba kamar ba a yi ba.

Ƙasar da ke noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta taɓa ƙera taya da kanta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, bayan tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha sun ci ƙarfinsu. Tun daga nan kusan kowace taya sai an sayo ta da dala. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a hukumance wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Yau kuɗin tayoyi biyu na kirki na babur irin nawa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Dillalan gaskiya sun daina kawo su domin babu masu saye, fili ya zama na masu baƙin mai da reza. Ni ina iya jinkirta tafiya in ajiye babur. Ɗan acaɓa da direban haya da za su ciyar da iyali yau, su kam abin da aka miƙo musu suke ɗaurawa, su ɗebi 'ya'yan mutane su hau titi.

Kuma kada manya su ɗauka abin ya tsaya kan talaka. A watan Maris na 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. An yi ta jawabi a kan taya a lokacin, aka fito da jami'ai suna tsugunawa a bakin titi suna karanta shekarar tayar direbobi. Direban da aka sayar wa taya shi ake tarewa, shi ake ci wa tara, wanda ya cika kwantena da ita kuwa ba a san ƙofar gidansa ba.

Abin da nake nema ba shi da wahala. A tilasta wa duk mai sayar da taya ya rubuta girmanta da lambobin shekararta a rasit, ya kuma rubuta ko sabuwa ce ko ta hannu. Duk shagon da aka samu da tayar da aka kankare wa shekara a rufe shi, a bi sawun kayan har zuwa wanda ya shigo da su da wanda ya buɗe masa hanya. Shugabannin kasuwa kuma, da suke da ƙarfin rufe shagon wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba, su yi amfani da wannan ƙarfin su sa a mayar wa mai saye kuɗinsa idan an kawo masa abin da ba shi ya biya ba.