Aji na 1 Ba Shi Ne Na Gaba Ba a Allon Lantarki

Mutane da yawa na ɗauka allon lantarki (farantin da ake ɗora sassan na'ura a kai) mai "aji na 1" shi ne mafi inganci, kamar kujerar jirgi. A ƙa'idojin IPC, wato ma'aunan inganci da masana'antar kayan lantarki ke bi, abin a juye yake. Aji na 1 na kayan da ba a damu su daɗe ba ne, irin kayan wasan yara. Aji na 2 na kwamfuta da kayan sadarwa ne. Aji na 3 kuwa na na'urar da tsayawarta ke iya jawo asarar rai, kamar ta taimakon numfashi.

Bambancin yana cikin awo. IPC-6012, ƙa'idar ƙirar allon, ta nemi matsakaicin kaurin jan ƙarfen da ake shafa wa bangon ramukan allo ya kai mikiron 20 (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a aji na 2, mikiron 25 a aji na 3, domin siririn bango kan tsage idan allo yana ɗaukar zafi yana hucewa. IPC-A-610, ƙa'idar duba allon da aka harhaɗa, ta yarda ƙaramin sashen lantarki da aka liƙa a allo ya goce gefe daga mazauninsa da rabin faɗinsa a aji na 2, amma rubu'i kawai a aji na 3.

Mai ba da aiki ke zaɓar aji, kuma wajibi ne ya rubuta shi a zane tun kafin ƙira. Dubawa daga baya ba ta ƙara wa rami jan ƙarfe.