Paget Toynbee ba shi ne Arnold Toynbee ba

Masu karatu da dama idan suka ga sunan Toynbee a kan littafin da ya shafi Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, sai su ɗauka Arnold J. Toynbee ne, masanin tarihin nan da ya rubuta A Study of History mai juzu'i 12. Ba shi ba ne. Baffansa ne, Paget Toynbee, wanda aka haifa a Wimbledon a 1855, ya rasu a 1932.

Paget ya yi karatu a Kwalejin Balliol ta Oxford, daga baya ya tare a gidansa a Burnham, ya duƙufa kan Dante. A 1898 ya fitar da ƙamus na sunayen da ke cikin rubuce-rubucen mawaƙin. Wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin Dante ya cika babbar waƙarsa, Divine Comedy, da fafaroma, sarakuna, maƙiyansa na siyasa a Florence da mutanen da tarihi ya kusa mantawa da su. Wanda bai san su ba, baitoci da yawa za su wuce shi a rufe. Paget ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ko su wane ne da inda aka ambace su. Ƙamusun ya yi ƙarko har Charles Singleton, wani masanin Dante ɗan Amurka, ya sake gyara shi a 1968.

Matar Paget, Helen, kuwa ita ta tace wasiƙun Horace Walpole, marubucin Ingila na ƙarni na 18. Da ta rasu a 1910, shi ya ci gaba da aikin nata.