Hula a gaba, Kawu a baya

Ɗan ƙanwata yana aikin jinya a birnin Gloucester, can yammacin Ingila. Da matarsa ta haihu, dangi suka zauna neman wanda zai je barka, ƙuri'a ta faɗo kaina don ni kaɗai ne fasfona bai ƙare ba. Kafin biza ta fito jariri har ya fara zama, saboda haka sai ƙarshen watan Mayu na sauka, da ƙullin kuka da daddawa da saƙon kowa da kowa.

Ban gama hutawa ba yaron nan ya ce, "Kawu, Litinin mai zuwa hutu ne, ga Asabar ga Lahadi. Zan zaga da kai ƙauyukanmu." Da na ji an ce ƙauye sai na gyara zama. Na ware kwalbar turare ɗaya ta gaida mai gari, na kuma sa rai da zabi masu araha da zuma mai kyau.

Bibury muka fara zuwa. Babu fada, babu mai gari, babu ko yaron da zai tare ka da ruwa a kwanon sha. Abin da mutane suka yi dafifi a kai wani jerin tsofaffin gidaje ne na dutse mai launin zuma, ana ce masa Arlington Row. An gina shi wajen shekarar 1380 a matsayin ma'ajiyar gashin tumaki, daga baya a ƙarni na 17 aka mayar da shi gidajen masaƙa. Ƙofofin gajeru, tagogin ƙanana, rufin ya lotsa don tsufa. Na ce Allah sarki, talakawan nan suna fama. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, a wannan yankin da ake kira Cotswolds sai mai hannu da shuni ke iya sayen gida. Ni albashina bai isa ba, shi ya sa nake cikin birni." Ashe a nan talaka ke zaman birni, attajiri ya gudu ƙauye.

Kuma fa da mutane a cikin gidajen. Suna shan shayinsu, baƙi daga Japan da Sin suna ɗaukar hoton tagarsu. Yaron ya ba ni labarin wani dattijo na unguwar da ke ajiye ƙaramar motarsa ruwan ɗorawa a bakin gidansa, masu yawon buɗe ido suka yi ta ƙorafi wai tana ɓata musu hoto, har wasu suka lalata ta a 2017. Da labari ya bazu sai masu motoci ruwan ɗorawa suka yi jerin gwano suka cika ƙauyen don nuna masa goyon baya. Wannan kam ya burge ni. Na nemi a kai ni in ba shi turaren nan, tunda mai gari ya gagara, aka ce in bari.

Daga nan sai Bourton-on-the-Water, inda kogin Windrush ya ratsa tsakiyar gari, an ɗora masa ƙananan gadoji na dutse. Kogi suke cewa, amma ruwan da ƙyar ya wuce idon sawu, har ƙwallon ƙafa suke bugawa a cikinsa sau ɗaya a shekara, a watan Agusta. Azahar ta yi, na ga ruwa garai-garai yana gudu, na tsuguna na yi alwala. Sanyinsa ya shiga haƙorana har sai da na manta ko na shafi kai. Ina ɗagowa na ga wata baiwar Allah ta saita ni da waya, wataƙila ta ɗauka wata al'adar garin ce.

A garin akwai wani abu da har yau nake juyawa a raina. A 1937 suka buɗe wani ƙaramin gari, kwaikwayon nasu, komai kashi ɗaya cikin tara na girmansa: gidaje, coci, gadoji, har kogin da ruwa a ciki. Tunda kuma ƙaramin garin yana cikin babban, sai suka sake gina ƙaraminsa a cikinsa. Ka biya kuɗi ka shiga, ka ga garin da ka baro a waje kyauta. Na biya.

Lahadi muka leƙa Stow-on-the-Wold, inda aka ce a da akan sayar da tumaki har 20,000 a cin kasuwa ɗaya, kuma kuɗin gashin tumakin nan ne ya gina manyan coci-cocin yankin. Na ce a kai ni kara in taya rago. Babu ko tunkiya. Shagunan tsofaffin kaya ne suka zagaye dandalin, kujerar da ta karye ta fi sabuwa tsada.

Ranar Litinin ce ta zo da magana. Tun daren Lahadi yaron ke cewa za mu je Brockworth, kusa da Gloucester, kallon tseren cuku a tsaunin Cooper. Cukun ba irin falle-fallen da Buzaye ke kawowa daga Agadas ba ne. Dunƙule ne zagayayye mai nauyin kilo uku zuwa huɗu, a sake shi daga ƙololuwar tsauni, ƙarti su biyo shi a guje, wanda ya fara isa ƙasa ya ɗauka. Shi ke nan ladan, ba mota ba kujerar Makka. Rubutaccen tarihin wasan ya kai 1826, kuma tun 2010 babu wata hukuma da ta yarda ta ce ita ke shiryawa, mutanen gari ne ke yin abinsu.

Na ji an ce taro, sai na fito da farar shaddata mai aiki, na kafa hula zanna bukar, na zura takalmi sau-ciki sabo fil. Matar yaron ta dube ni ta sunkuyar da kai, ta ce, "Kawu, an kwana ana ruwa fa. Ga takalmin roba na babansu." Na ce mata ni ban taɓa zuwa taron jama'a da takalmin leburori ba, ba kuma a ƙasar Turawa zan fara ba.

An rufe hanyoyin kusa da tsaunin, dole muka ajiye mota nesa muka taka. Hanyar ta bi ta cikin gonakin mutane, kuma doka ce ta ba kowa damar bin irin waɗannan turbobi, mai gona bai isa ya hana ba. Sai dai a kowane shinge akwai ɗan matakalar katako da za ka hau ka tsallaka, wanda ya ƙera ta kuwa bai taɓa ganin babbar riga ba. A ta farko hannun riga ya maƙale. A ta biyu aljihu. Muka isa gindin tsaunin ƙasan rigata ya riga ya koma ruwan ƙasa.

Tsaunin bai fi mita 180 ba daga sama zuwa ƙasa. Na ce wa yaron wanda ya saba hawa Dala ba zai tsorata da wannan ba. Amma Dala tana da matakala, wannan kuwa ciyawa ce jiƙaƙƙiya a kan gangare mai kama da bango. Muka rarrafa ta gefe inda 'yan kallo ke maƙale, muka sami wuri wajen tsakiya, na dafa ƙasa da hannu ɗaya.

Da tsakar rana aka saki cukun farko. Ya wuce fiu, ban ma gan shi sosai ba. Sai ga mutane. Ba wanda ya yi taku biyar a tsaye. Wani na alkafura, wani na gangarowa da ƙeya, wani takalminsa ya riga shi isa. A ƙasa samari 'yan wasan zari-ruga sun jeru suna cafke duk wanda ya iso, ga masu ba da agajin gaggawa da gadon ɗaukar marasa lafiya. Wani dattijo kusa da ni ya ce akwai ɗan garin, Chris Anderson, da ya ci tseren fiye da sau 20, kuma a 2023 wata 'yar Kanada ta ci na mata a sume, sai da ta farfaɗo aka gaya mata. Na juya na ce wa yaron, "Yanzu fisabilillahi duk mai hankali zai jefa kansa nan saboda abinci?"

Ban rufe baki ba iska ta ɗauke hulata.

Ta faɗi a kan gefenta, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta bi ta ƙarƙashin igiyar da ta raba mu da filin tsere ta fara gangarawa. Hular nan aikin hannu ce, Hajiya ta saya mini ta Sallah. Na miƙa hannu, na ɗaga ƙafa ɗaya, sau-ciki ya ce ba da shi ba. Abin da na sani kawai sama ta koma ƙasa. Na ji yaron yana "Kawu! Kawu!" muryarsa tana nisa. Babbar riga ta buɗe ta cika da iska, ta rufe mini fuska, ta sake buɗewa. Na kai hannu na damƙi wani ganye don in tsaya, ashe mai harbi ne, tafin hannuna ya ɗauki wuta, na sake shi da kaina. Salati kuwa na yi wanda ban yi ba tun ranar da jirginmu ya shiga gargada.

Lokacin an tsaya ne tsakanin tsere da tsere, fili fayau, dubban mutane ba abin kallo. Sai ga abu zagayayye yana gangarowa, ga dattijo cikin farin kaya yana biye da shi. Tsaunin nan gaba ɗaya ya kaure da ihu da tafi.

Wani ƙaton saurayi ya tare ni a ƙasa, muka zube tare rigijib. Wata ma'aikaciyar agaji ta haska mini ido da ƴar tocila, ta tambaye ni sunana da ko yau wace rana ce. Na amsa mata tiryan-tiryan, sai dai da Hausa, ta ƙara matsowa da damuwa. Can wani yaro ya kawo hular, ko taɓo bai taɓa ta ba. Saurayin da ya cafke ni ya kama hannuna ya ɗaga sama, aka sake tafi. Takalmi ƙafa ɗaya kuwa yana can har yau.

A mota ba wanda ya ce uffan. Ina zaune a kan jaridar da matar yaron ta shimfiɗa mini a kujera, ita tana kallon taga kafaɗunta na rawa. Na ce musu maganar nan ta tsaya a nan, kada ta je gida. Yaron ya ce, "To Kawu," yana tura wayarsa ƙarƙashin cinya.

Ba mu kai Gloucester ba wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta ce ta gani a WhatsApp, a zauren dangi, har an sa masa kiɗan kalangu. Ta tambayi ƙafa, ta tambayi baya, na ce duk lafiya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To Alhaji, tunda kai ka zo na ɗaya, cukun fa? Kada ka raba shi a can."